Tambaya da Amsa: Abin da Kyamara Ba Ta Nunawa a Fim ɗin Ɗalibai

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin watan nan daga ɗaliban manyan makarantu suka fito, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ɗaukar gajeren fim a cikin harabar makaranta, ko don cika sharaɗin kammala karatu ko don sha'awa. Na zaɓi kaɗan daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, kuma an ba rukuninmu aikin shirya gajeren fim. Labarin shafi 12 ne, duk a cikin makaranta yake faruwa, a ɗakin lacca da laburare da hanyar ɗakunan kwana. Mun yanke shawarar gama ɗauka cikin kwana biyu, kuma tunda makarantarmu ce ba mu ga dalilin neman izinin kowa ba. Me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abu biyu na gani a cikin wasiƙarka, kuma kowanne daga cikinsu ya isa ya hana fim ɗin nan fitowa. Na farko shi ne zancen cewa makarantarku ce. Haƙƙinka ne ka shiga ɗakin lacca ka saurari darasi, amma ka shigo da fitilu da wayoyin lantarki da mutum 15, ku tattare kujeru gefe guda, ku rufe ƙofa har tsawon awa shida, wannan wani al'amari ne daban, domin akwai wanda aka ɗora wa alhakin ɗakin, kuma shi za a tuhuma idan wani abu ya lalace. Ka fara da malamin da ke duba aikinku, ya sa hannu a takarda daga sashenku, sannan takardar ta je ofishin da ke rabon ɗakuna, ta je wurin jami'an tsaro. Laburare kuwa a nemi izininsa daban, saboda mai kula da shi yana da nasa dokokin. A cikin takardar a faɗi rana da lokacin shiga da lokacin fita, da yawan mutane, da irin kayan da za a shigo da su, da ko za a ja wutar ginin. Kwafi ɗaya ya zauna a aljihunka har a gama aiki.

Bayan takarda kuma akwai mutum. Na taɓa raka wasu ɗalibaina ɗauka a wata makaranta, izini yana hannunmu da hatimin babban ofis, amma ba wanda ya tuna ya sanar da dattijon da ke riƙe da makullan ginin. Mun iso ƙarfe bakwai na safe, muka zauna a kan matattakala da akwatunan kaya, jarumar tana ta maimaita kalamanta ƙasa-ƙasa, ba a buɗe mana ba sai wajen ƙarfe sha ɗaya. A lokacin hasken safiya da ke shigowa ta tagogin gabas, wanda saboda shi aka zaɓi ɗakin tun farko, ya riga ya janye daga kan tebura. Laifin namu ne, ba na dattijon ba. Tun daga ranar nake gaya wa kowane rukuni su je da ƙafarsu su gaishe da mai makulli da mai shara da mai kula da wuta kwana biyu kafin ɗauka, su bayyana musu abin da za a yi, su kuma sa sunayensu a jerin godiya na ƙarshen fim.

Na biyu shi ne lissafin kwana biyun. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe suna aiki da ita ita ce shafi ɗaya na rubutun fim, idan an tsara shi yadda aka saba, yana ba da kusan minti ɗaya na kallo. Ke nan fim ɗinku zai kai minti 12. Amma ba da shafi ake auna wahalar ɗauka ba, da yawan dasa kyamara ake aunawa. Duk lokacin da aka ɗaga kyamara aka kai ta wani gurbi, sai an sake gyara haske, an sake nemo wa makirufo inda ba zai leƙo cikin hoto ba, an gwada motsin 'yan wasa, sannan a ɗauka sau uku ko huɗu. A abin da na gani da idona, ɗalibai sukan ci minti 30 zuwa 40 a kan kowane dashe, wato da ƙyar su wuce 15 a yini guda. Hirar mutum biyu kaɗai tana buƙatar dashe uku aƙalla, ɗaukar nesa wadda ta haɗa su, da ta kusa ga kowannensu. Idan ka zauna ka ƙirga, zan yi mamaki idan labarinku bai kai dashe 50 ba, kwana huɗu ke nan. Ko dai ku nemi ƙarin kwanaki, ko ku rage labarin, kuma ni na fi karkata ga ragin, domin gajeren fim na minti bakwai da aka ɗauka cikin natsuwa ya fi na minti 12 da aka ɗauki rabinsa rana na faɗuwa kowa ya gaji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku je kowane wuri a irin ranar da irin lokacin da za ku yi ɗauka, ku tsaya shiru minti biyar ku saurara, ku duba inda rana take faɗowa, ku ƙirga soket ku gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kada ku bi labarin daga farko zuwa ƙarshe wajen ɗauka, duk fitowar da ke cikin laburare a ɗauke ta a zama ɗaya, ko da wata a farkon labari take wata a ƙarshe. Daren kowace ɗauka a tura wa kowa takardar da ke nuna ƙarfe nawa zai iso, ina zai iso, da wace sutura zai zo, da waɗanne shafuka za a yi. Wanda ya gitta ta bayan jarumi kuma fuskarsa ta fito sarai, a nemi yardarsa a rubuce, in bai yarda ba a sake ɗauka. Makon jarrabawa kuwa a kauce masa gaba ɗaya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce mai tace fim ɗin rukuninmu. An kawo mini abin da aka ɗauka a babban zauren lacca, hoto ya yi kyau ƙwarai, amma maganar 'yan wasa kamar daga cikin rijiya take fitowa, ga kuma ƙarar fanka a ƙarƙashi. Darakta ya ce in gyara a kwamfuta. Zai yiwu?

Amsa: 'Yata, zai ragu amma ba zai warke ba, kuma gara ki faɗa wa daraktan haka tun yanzu. Manhajojin tace sauti suna iya rage ƙarar da ba ta canzawa, irin ta fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, har suna taɓa amsa-kuwwa, amma duk abin da suka cire sai sun tafi da wani ɓangare na muryar, sai ki ji mutum yana magana kamar ta cikin bututu. Ko ban je wurin ba na san abin da ya faru. An dogara da makirufon da ke jikin kyamara, ita kuwa kyamara tana nesa da bakin mai magana da taku biyar ko shida. Murya tana raunana da sauri a cikin iska, duk lokacin da aka ninka nisa, ƙarfin abin da ke isowa kai tsaye yana raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali kuwwar da bango da silin da daɓe ke dawowa da ita tana nan yadda take a ko'ina cikin zauren. Da an yi nisa sai kuwwar ta rinjayi muryar, wannan ita ce rijiyar da kike ji.

Maganinsa tun wurin ɗauka shi ne a kusanto da makirufo. A ɗaura shi a kan doguwar sanda, a riƙe shi sama da kan mai magana, dab da inda hoto ya ƙare, bakinsa yana fuskantar bakin ɗan wasa, ko kuma a maƙala ƙaramin makirufo a ƙirjin riga. Idan babu ko ɗaya, wayar salula da aka kunna wa ɗaukar murya aka ɓoye ta bayan littafi a kan tebur ta fi makirufon kyamara nesa ba kusa ba. Mai riƙe sanda ya haddace maganganun kamar yadda jarumi ya haddace, domin ya juya makirufon kafin mutum ya buɗe baki, ba bayan ya fara ba. Dole ne kuma a sami mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai saurare, da abin ji a kunnensa, kuma a ba shi ikon ya ce a tsaya idan ƙararrawa ta kaɗa ko injin yankan ciyawa ya tashi a waje. A kashe fanka da na'urar sanyi da firji muddin kyamara tana aiki, a rubuta a tafin hannu cewa an kashe su don kada a tafi a bar su haka. Barguna biyu ko uku da aka rataya a bangon da ba ya cikin hoto, da darduma a ƙarƙashin ƙafafu, suna shanye kuwwa fiye da yadda ake zato.

Ga yadda nake son in ga ana yi kafin kowace ɗauka. Mataimakin darakta ya ce a yi shiru, mai sauti ya kunna na'urarsa ya amsa, mai kyamara ya kunna ya amsa, wani ya shigo da ɗan allon nan mai baki biyu, ya faɗi lambar fitowa da lambar ɗauka da ƙarfi, ya buga, ya fice, sannan darakta ya ce akshin. Wannan bugun ba ado ba ne, domin ke aka yi shi, saboda da shi za ki daidaita lokacin da bakin allon ya haɗu a hoto da lokacin da ƙarar ta bayyana a faifan sauti. In babu allo, tafi ɗaya a gaban kyamara ya wadatar. A saita na'urar sauti a kan kilohaz 48, shi ne ma'aunin da aikin bidiyo ya ginu a kai. Kafin a bar kowane ɗaki kuma, kowa ya tsaya cik a ɗauki minti ɗaya na shirun wurin, domin kowane ɗaki yana da nasa shirun, kuma da shi mai tacewa ke cike giɓin da ke tsakanin magana da magana.

Abin da ya rage miki yanzu shi ne ki saurari duk ɗaukar da aka yi, ki zaɓo muryar daga waɗanda aka yi a kusa ko da hoton na nesa za ki nuna. Abin da bai gyaru ba, a kira 'yan wasan zuwa ƙaramin ɗaki mai labule da kafet, su kalli leɓunansu a allo su sake faɗin maganar jimla-jimla. Inda baki da murya suka ƙi haɗuwa, ki koma kan fuskar wanda ke sauraro. Ki ba wannan aiki lokacinsa, domin na sha zama a ɗakin kallo na ga mutane sun haƙura da hoto mai dishi-dishi har ƙarshe, amma da zarar sun kasa jin abin da ake cewa sai su fara duba wayoyinsu.

Tambaya: Malam, mun ɗauki wata fitowa a lungun ajujuwa, da muka kalla sai muka ga wasu ratsi-ratsi masu duhu suna gangarowa a hoton, fuskoki kuma sun yi kore-kore. Bayan haka, a hirar jarumi da jaruma kamar dukansu gefe ɗaya suke kallo, ba juna ba. Kyamarar ce ta lalace?

Amsa: Kyamararka lafiya take, ɗana. Dogayen fitilun da ake sa wa gine-ginen makaranta, da wasu ƙananan fitilun zamani, ba haske mai ɗorewa suke bayarwa ba, ƙiftawa suke yi daidai da bugun wutar lantarki. A Afirka da Turai da yawancin Asiya wutar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60, fitilar kuma tana ƙiftawa ninki biyu na hakan. Ido ba ya gani, kyamara tana gani. Inda wuta take 50, ka ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, ka sa saurin ƙiftawar idon kyamara a ɗaya bisa 50, inda take 60 kuma ka sa ɗaya bisa 60. Idan da janareta kuke aiki ku gwada tukuna, saboda bugunsa ba koyaushe yake tsayawa daidai ba. Koren kuma daga irin fitilun ne. Kowane haske yana da launinsa, tsohuwar fitilar fim mai zafi tana kan digiri 3200 a ma'aunin Kelbin, tana ɗaukar ja-ja, hasken rana kuma wajen 5600, yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Ka nuna wa kyamara farar takarda a ƙarƙashin hasken da za ku yi aiki da shi, ka kulle ta a kai. Abin da na fi so ma shi ne a kashe fitilun ginin gaba ɗaya, a tsayar da ɗan wasa kusa da taga, a sa wani ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da haske kan inuwar fuska. Sai dai rana tana tafiya, don haka a fara da ɗaukar nesa wadda ke nuna tagar, a bar na kusa zuwa baya.

Batun kallo kuwa, kun tsallake layi. Ka ƙaddara akwai zare da ya tashi daga idon jarumi zuwa idon jaruma. Da zarar ka dasa kyamara a gefe ɗaya na zaren, duk sauran ɗaukar wannan fitowa a gefen za su tsaya. Ta haka shi zai riƙa kallon dama ita tana kallon hagu, idanunsu su haɗu a zuciyar mai kallo. Kun ɗauke shi daga wannan gefe kun ɗauke ta daga wancan, shi ya sa suka zama kamar suna kallon wani na uku.

Wannan yana cikin aikin mai kula da kwantiniti, wato mai lura da cewa komai ya dace daga ɗauka zuwa ɗauka, mutumin da ɗalibai suka fi rainawa. Akwai wata ɗaliba da na gani tana wannan aiki, tana zaune a ƙasa kusa da ƙafar kyamara da littafi a cinya, tana rubuta cewa jakar tana kafaɗar hagu, ruwan kofi ya kai rabi, an cire tabarau a kan kalma kaza, agogon bango yana nuna tara da kwata. Bayan mako guda da aka dawo ƙarasa fitowar, ita kaɗai ta lura cewa jarumin ya yi aski, aka kuma sami dabarar sa masa hula tun daga ƙofa.

Tambaya: Malam, ni ne furodusa. Duk abokai ne kuma ba a biyan kowa. Darakta da mai ɗaukar hoto sun yi sa-in-sa a gaban 'yan wasa kan inda za a ajiye kyamara, yanzu mutum biyu sun daina zuwa. Yaya zan haɗa kansu?

Amsa: Ɗana, abota ce ta tara ku, amma ba ita za ta raba muku aiki ba, sai kun zauna kun raba da baki. Darakta shi ke da magana ta ƙarshe a kan labari da wasan 'yan wasa da abin da hoto zai faɗa. Mai ɗaukar hoto yana kawo shawara a kan haske da gurbin kyamara, kuma darakta mai hankali yana saurarensa, amma idan sun saɓa ra'ayin darakta ake bi. Mataimakin darakta shi ke riƙe da agogo, shi ke cewa saura minti goma a bar wannan wuri. Kai kuma naka shi ne izini da kaya da mutane. Gardamar da suka yi ba laifi ba ce, wuri da lokaci ne ba su dace ba. Ya kamata su yi ta tun mako guda kafin ɗauka, su biyu a kan takarda, suna zana kowane dashe. Idan sabon saɓani ya taso a wurin aiki, su ja gefe su yi magana a hankali, ko a ɗauka iri biyu idan lokaci ya bari. Ɗan wasan da ya ga shugabanninsa suna ɗaga murya ba zai iya sakin jiki ya yi kuka ko dariya a gaban kyamara ba.

Su biyun da suka daina zuwa, ka same su ɗaya-ɗaya ka ji ta bakinsu. Ina kyautata zaton ba faɗan kaɗai ya kore su ba, an kira su ƙarfe bakwai ba a neme su ba sai azahar. Wanda ba a biya da kuɗi ba, ana biyansa da mutunta lokacinsa, a kira shi sa'ad da ake buƙatarsa, a sallame shi da ya gama, a tsaya hutu a lokacin da aka yi alkawari, kada yini ya wuce awa 12, a rubuta sunansa daidai a ƙarshen fim, a ba shi kwafinsa. Kuma ku daina ganin mai riƙe sanda ko mai bugun allo a matsayin ɗan rakiya. Fim ɗin da daraktan Amurka Spike Lee ya yi na kammala karatu a Jami'ar Niyok, wanda ya ci kyautar ɗalibai ta cibiyar da ke ba da Oska a 1983, mataimakin darakta a cikinsa ɗan makarantarsu ne, Ang Lee, wanda daga baya ya karɓi Oska ta gwarzon darakta sau biyu. Mai ɗaukar hoton fim ɗin, Ernest Dickerson, shi ya ci gaba da ɗaukar wa Spike Lee manyan fina-finansa na farko.

Tambaya: Malam, a labarinmu akwai inda ake bin wani da bindiga a wurin ajiye motoci da daddare. Bindigar roba ce. Muna buƙatar sanar da wani?

Amsa: Kuna buƙata, kuma a rubuce, kuma idan makaranta ta ce a'a to a'a ɗin ce. Mai gadi ko ɗan sandan da ya hango mutum da bindiga cikin duhu ba shi da hanyar sanin roba ce, ɗalibin da ya leƙo ta taga ma haka. Idan an amince, jami'in tsaro ya tsaya tare da ku, a kafa sanarwa a kowace mashiga, bindigar ta zauna a cikin jaka a hannun mutum ɗaya har sai lokacin ɗauka. Bindiga ta gaske kuwa, ko da an ce babu harsashi, kada ta kusanci wurin. Manyan masu sana'ar ma sun yi asarar rai a nan: jarumi Brandon Lee ya mutu a 1993 saboda bindigar da ba a duba bututunta ba, mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins kuma ta rasu a watan Oktoba na 2021 a wurin ɗaukar fim a Amurka, bayan harsashi na gaske ya fita daga bindigar da ake zaton ba ta da shi. Shawarata ita ce ku gwada rubuta fitowar ba tare da an ga makamin ba, inuwa a bango da fuskar mai gudu da ƙarar da za a sa daga baya sun isa.

Tunda da daddare ne, ku manne wayoyin wuta a ƙasa, ku danne ƙafar kowace fitila da abu mai nauyi, kada a taɓa fitila mai zafi da hannu tsirara. Inda wuta take bolt 230, fulogi mai fiyus na amfa 13 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kusan wat 3000, ku tara ƙarfin fitilunku kafin ku jona. Wanda ya kwana yana aiki kuma kada ya tuƙa mota.

Tambaya: Malam, sashenmu kyamara ɗaya gare shi kuma layi ya yi tsawo. Wayar salula kawai muke da ita. Mu jira ko mu haƙura?

Amsa: Kada ku jira, 'yata, kada kuma ku haƙura. Makarantar koyon fim mafi daɗewa a duniya an kafa ta ne a Mosko a 1919, a lokacin da faifan ɗaukar fim ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar. Malaminta Lev Kuleshov ya riƙa sa ɗalibansa suna shirya fim ba tare da faifai ba, suna wasa a kan dandamali kamar kyamara na nan, suna kuma yanka tsofaffin fina-finai suna sake jera su. Daga irin wannan aiki aka fahimci cewa fuska ɗaya, idan aka biyo ta da hotuna mabambanta, mai kallo zai karanta mata yanayi mabambanta, wato ma'ana tana fitowa ne daga jeren hotuna. A wannan makaranta daraktoci Souleymane Cissé na Mali da Abderrahmane Sissako na Muritaniya suka yi karatu daga baya. Daraktan Amurka George Lucas ma da fim ɗin ɗalibi na kusan minti 15 ya fara jan hankali a 1967 a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma shi aka faɗaɗa ya zama babban fim ɗinsa na farko a 1971.

Wayar da ke hannunki ta isa, muddin kin hana ta yanke wa kanta hukunci. Ki kwantar da ita a kan abin da ba ya motsi, ki kulle haske da saitin gani don kada su riƙa sauyawa a tsakiyar ɗauka, ki katse layi don kada kira ya shigo, ki goge gilashin, ki matsa da ƙafarki maimakon janyo hoto da yatsa. Rauninta yana wurin duhu, saboda haka ki rubuta labarin da zai faru da rana. Waya ta biyu ta zama ta murya. Wajen tacewa akwai manhajar DaVinci Resolve wadda ke da nau'in kyauta, sai dai tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

Tambaya: Malam, mun gama ɗauka. Muna so mu sa waƙar wani fitaccen mawaƙi a ƙarshe, mu ɗora fim ɗin a YouTube, sannan mu tura shi gasa. Akwai matsala?

Amsa: Kafin komai, ɗana, ina fatan abin da kuka ɗauka ba a kan kati ɗaya yake kwance ba. A yi kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma ya kwana a wani gini daban, kuma kada a goge kati sai an buɗe kwafin an ga yana aiki. Waƙar kuwa tana da masu ita ta fuska biyu, wanda ya tsara ta da wanda ya mallaki faifan da aka naɗa, kuma sai dukansu sun yarda. Kasancewarku ɗalibai ko rashin neman riba bai ɗauke wannan ba. YouTube yana da tsarin da ke gane waƙa da kansa, yana iya toshe fim ɗin ko ya karkatar da kuɗin talla ga mai waƙar, masu gasa kuma sukan nemi ka sa hannu cewa duk abin da ke cikin fim ɗin kana da izininsa. Makaranta ba ta rasa ɗalibin da ke kaɗa wani abu ko yake haɗa sauti a kwamfuta, ku nemo shi ya tsara muku naku, ku rubuta yarjejeniya ko da ta rabin shafi ce.

Ku duba dokar makarantarku a kan mallaka, domin wasu makarantu suna riƙe haƙƙin fim ɗin da aka yi da kayansu. Sannan ku jinkirta ɗorawa a intanet har ku karanta sharuɗɗan gasar da kuke nufi, saboda wasu ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita ga kowa. Tsawo ma sharaɗi ne. A wurin masu ba da Oska gajeren fim shi ne wanda bai wuce minti 40 ba har da jerin sunaye, gasar gajerun fina-finai ta bikin Cannes a Faransa kuma ba ta karɓar abin da ya haura minti 15, ko da yake bikin yana da sashe na daban na fina-finan makarantu tun 1998. Yawancin gasannin ƙasa da ƙasa suna neman fassarar Turanci a ƙasan hoto, don haka ku ware mata mako guda, ku ba wanda bai san labarin ba ya kalla da murya a kashe, ya gaya muku abin da ya fahimta.